Birkin Prius ta 2010: masu mota sun ce tana sakin birki, kamfani ya ce ji ne kawai

A ce kana tafe cikin sabuwar mota fil wadda ko wata shida ba ta yi a hannunka ba, ka doso danja ta nuna ja, ka ɗora ƙafa a birki a hankali yadda kowa ke yi, mota na rage gudu lafiya lau, sai tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami ko ta hau murfin ƙarfen nan na magudanar ruwa da ruwan sama ya jiƙa, kawai sai ka ji kamar an zare birkin gaba ɗaya, motar ta sulale gaba kamar wani ya turo ta ta baya, kafin ka ce me birkin ya dawo ya kama. Duka abin bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Amma gabanka ya riga ya faɗi, kuma in akwai mota a gabanka ko wani yana tsallaka titi, toh ɗan wannan lokacin ba ƙarami ba ne.

Wannan shi ne ƙorafin da masu Toyota Prius ƙirar 2010 suka riƙa kaiwa a Japan da Amurka daga ƙarshen 2009 zuwa farkon 2010, kuma abin da ya sa nake son mu tsaya a kan wannan lamari shi ne kusan duk wanda ya yi magana a ciki yana da ɗan gaskiyarsa, masu mota ba ƙarya suka yi ba, injiniyoyin ma alƙalumansu daidai ne, amma duk da haka an yi ba daidai ba, kuma ni a ganina an san inda kuskuren yake.

Bari mu fara da ita motar. Prius ba babbar mota ba ce, irin motar iyali ce matsakaiciya mai haɗa injin fetur da na lantarki, Toyota ta fara sayar da ita a Japan tun 1997. Wadda muke magana a kai ita ce zubi na uku, duk da ana kiranta ƙirar 2010 ta fito kasuwar Japan a watan Mayun 2009, kuma ta yi farin jini na ban mamaki, don a wannan shekarar ita ce motar da aka fi saye a Japan, sama da guda 200,000, tallafin da gwamnati ke bayarwa a lokacin kan motoci masu tsimin mai ya ƙara mata kasuwa. Mutane har layi suke bi na watanni kafin tasu ta iso. Wato ita ce motar da kamfanin ke tutiya da ita, ita ce fuskarsa.

Toh sirrin tsimin man nata yana da alaƙa da birkin kai tsaye, kuma in ba a fahimci wannan ba ba za a fahimci komai a lamarin ba. A motar da muka saba, in ka taka birki ƙafarka ce ke tura man birki ta cikin bututu, man ya je ya matse faifan da ke jikin kowace taya, gudun motar ya koma zafi ya bi iska, shikenan an yi asararsa. Ita Prius birki biyu gare ta. Akwai wannan na man da muka sani, sannan akwai na lantarki, inda injin lantarkin da ke tura motar yake juyewa ya zama janareta, tayoyin gaba su riƙa juya shi, shi kuma yana riƙe su yana tura wuta cikin batir. In ka taka a hankali, yawancin aikin tsayar da motar wannan janaretan ne ke yi, faifan birki kusan hutawa yake. Sannan fedar birkin da kake takawa a yawancin lokaci ba ita ke matse tayoyin kai tsaye ba, saƙo take aikawa kwamfuta cewa ga irin ƙarfin da direba yake so, kwamfutar ce ke raba aikin, wannan kaso na janareta, wannan kaso na man birki wanda wani famfon lantarki ke tara masa ƙarfi. Direba bai san ana wannan rabon ba, kuma haka ake so, kada ya sani.

Sai kuma ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa. Taya in ta ƙame tana jan ƙasa, sitiyari ya daina aiki kenan, ko ina ka murza mota gaba za ta yi. Shi ya sa akwai na'ura a jikin kowace taya tana ƙirga juyawarta, da zarar ta ga wata taya na neman tsayawa alhali mota na tafiya, sai ABS ta sassauta mata birki ta sake kamawa, ta sassauta ta kama, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Matsalar ita ce shi birkin janareta ba ya iya wannan wasan, domin tayoyin gaba biyu yake riƙewa a tare, ba zai iya sakin ta dama ya riƙe ta hagu ba. Saboda haka duk lokacin da ABS za ta shiga, dole a kashe birkin janareta a miƙa aikin duka ga na mai. A wannan miƙa hannun ne abin yake faruwa.

Taya ta hau rami, ta ɗan yi tsalle ta rabu da kwalta na ƙiftawar ido, tunda ba nauyi a kanta kuma birki na riƙe da ita sai juyawarta ta ragu farat ɗaya, kwamfuta ta ce santsi ne, ta yanke janareta, ta kira birkin mai. In birkin mai ya iso da ƙarfin da ya kai wanda aka cire, direba ba zai ji komai ba sai ɗan kakkarwa. In ya iso a makare ko da ƙarfin da bai kai ba, toh nan ne mota ke sulalewa.

Abin da ya bambanta zubi na uku da wanda ya gabace shi, kamar yadda kamfanin ya yi bayani daga baya, shi ne an sauya inda ƙarfin man yake fitowa idan ABS ta shiga. An so a rage ƙara da jijjigar da famfon ke yi don motar ta ƙara yin shiru, sai aka tsara cewa a wannan lokacin a dogara da ƙarfin da ƙafar direba ke bayarwa. Toh mutumin da ya taka birki a hankali ai ƙarfin ƙafarsa kaɗan ne. Sai ya zama an cire masa janaretan da ke yi masa yawancin aikin, an bar shi da ɗan abin da ƙafarsa ta bayar. Shi ya sa abin ba ya samun wanda ya danna birki da ƙarfi, mai tuƙi a natse ne yake gamuwa da shi, wanda ya fara rage gudu tun daga nesa. Wannan wurin yana ci mani rai gaskiya, a ce ladabin tuƙinka ne ya jawo maka.

Alƙaluman da Toyota ta fitar sun ce jinkirin da aka samu kan abin da ABS ta saba yi kashi 6 ne cikin 100 na daƙiƙa, wato daƙiƙa 0.46 maimakon 0.4, kuma a kan titin da ƙanƙara ta daskare in mota na gudun kilomita 20 a awa, tazarar tsayawarta na ƙaruwa da kamar santimita 70. A takarda wannan kamar ba komai ba ne. Amma santimita 70 ai ya fi tazarar da mutane da yawa ke bari tsakaninsu da motar gabansu a danja, kuma ya isa ya shigar da hancin mota cikin layin masu tsallaka titi. Sannan a lura, mota mai gudun kilomita 20 a awa tana cin mita biyar da rabi a kowace daƙiƙa, kenan a cikin wannan kusan rabin daƙiƙar da birki ya yi sako-sako ta ci mita biyu da rabi. Direba ba 0.06 yake ji ba, duka rabin daƙiƙar yake ji.

Akwai kuma wani abu game da jikin mutum da ya kamata a faɗa, don wasu masu motar ba cewa suka yi birki ya saki ba, cewa suka yi mota ta zabura gaba. Injiniya zai ce ba ta zabura ba, gudunta bai ƙaru ba ko kaɗan, kuma gaskiyarsa ne. Sai dai jikin mutum ba gudu yake aunawa ba, canji yake ji. Kana rage gudu, jikinka ya ɗan rinjaya gaba, bel ya riƙe ka, sai a cire wannan riƙon farat ɗaya, bayanka ya koma ya jingina da kujera, irin abin da kake ji kenan in an taka totur. Don haka wanda ya ce ta zabura ba ƙarya ya yi ba, abin da jikinsa ya faɗa masa ya faɗa. Aikin wanda ya karɓi ƙorafin ne ya fassara wannan magana zuwa yaren injiniya, ba ya ce wa mutum abin da ka ji bai faru ba.

Yanzu ka duba halin da mai irin wannan mota yake ciki in ya koma wurin dila. Ya ce birki na sakina. Makanike ya jona kwamfuta, ba wata lambar matsala da ta fito, kuma ba za ta fito ba, domin babu abin da ya lalace, manhajar ta yi daidai abin da aka rubuta mata ta yi. Ya duba man birki cike yake, faifai sabo, bututu ba yoyo. Ya fita gwaji a kan lafiyayyen titi ya danna birki da ƙarfi yadda ake gwada birki, mota ta tsaya cak. Duk hanyoyin da aka saba gano matsalar birki an gina su ne don kama abin da ya karye ko ya cinye, ita kuma wannan ba karyewa ba ce, a cikin tsarin take. Kafin ta fito sai an haɗa abu uku, taka birki a hankali, gudu kaɗan, da rami ko santsi a daidai wannan lokacin. Shi ya sa ƙorafin ya ƙaru da shigowar hunturu a watan Disamban 2009, lokacin da titunan arewacin Japan da na Amurka suka fara daskarewa.

Abin ya fito fili a farkon Fabrairun 2010. Ma'aikatar sufurin Japan ta ce ta karɓi ƙorafi 14 ta kuma umarci kamfanin ya bincika. A Amurka hukumar da ke kula da lafiyar motoci a kan hanya, NHTSA, ta buɗe bincike ranar 4 ga Fabrairu, a lokacin tana da ƙorafi 124 a hannu, huɗu daga ciki sun ce har haɗari aka yi. In ka kwatanta da dubban ɗaruruwan motocin da aka sayar, 124 kamar ɗigo ne a teku, amma ba yawan ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne mutanen da ba su san juna ba, a ƙasashe biyu da yare biyu, suna ba da labari iri ɗaya har da irin wurin da abin ke faruwa, rami, layin dogo, murfin ƙarfe, ƙanƙara. Ruwa ba ya tsami banza. Kuma kowa ya san mutum ɗaya da ya zauna ya cike takardar hukuma, akwai wasu da yawa a bayansa da suka ji abin suka ce ƙila ni ne ban iya ba.

Amsar farko da kamfanin ya bayar ita ce ta ƙara hura wutar. Manyan jami'an da ke kula da ingancin kaya sun fito sun nuna cewa abin ya fi kama da saɓani tsakanin abin da direba ke ji da yadda motar ke aiki, birkin bai fita daga ƙa'idar doka ba, kuma in mutum ya ƙara danna fedar mota za ta tsaya. Ta fuskar fasaha duk wannan gaskiya ne. In ka ƙara dannawa za ta tsaya ɗin. Amma a wannan lokacin ne kuma aka ji cewa tun ƙarshen watan Janairu an riga an sauya manhajar birkin a motocin da ake haɗawa a masana'anta. Wato wanda zai sayi mota a Fabrairu gyararriya zai samu, wanda ya saya a Yuni ko Oktoba yana nan yana yawo da tsohuwar manhaja ba wanda ya ce masa uffan.

Nan ne ni nake ganin laifin yake, ba a kuskuren tsarin ba. Kuskuren tsari kowane kamfani na yi, wanda ya yanke shawarar rage ƙarar famfo ba mugunta ya nufa ba, so yake motar ta yi daɗin shiga, kuma haɗa birki biyu su zama kamar ɗaya aiki ne mai wuyar gaske. Amma ba zai yiwu ka ce abu ba matsala ba ne kuma ka gyara shi a ɓoye ba. In ya kai a sauya shi a masana'anta, toh ya kai a gaya wa wanda ya riga ya biya kuɗinsa, ko da kuwa wasiƙa ce mai layi uku, cewa ga abin da za ka iya ji a kan rami ko santsi, in ka ji ka ƙara danna birki kada ka ɗaga ƙafa, muna nan muna shirya gyara. Wannan bayanin kaɗai zai iya hana wani haɗari, don mutumin da ya ji birki ya saki bai san dalili ba, wani ɗaga ƙafa zai yi ya sake takawa, ya ƙara ɓata lokacin da ba shi da shi.

Kamfanoni suna da abin da suke kira gyaran cikin aiki, kullum ana ɗan sauya wani abu a layin haɗa mota ba tare da an sanar ba, wani roba, wani ƙulli, wata waya, kuma ba laifi ba ne. Tambayar kullum ita ce wane gyara ne na ƙara daɗi, wane ne na tsaron rai. A Amurka doka ta ba kamfani kwana biyar na aiki ya sanar da hukuma daga ranar da ya tabbatar akwai lahani da ya shafi tsaro. Toh ka ga duk rigimar tana komawa kan kalma ɗaya, wa ya ce lahani ne. In aka sa wa abu suna ji, ya zama na daɗi, agogon kwana biyar bai fara bugawa ba. Ban ce da gangan aka zaɓi kalmar don a kauce wa doka ba, injiniya na iya yarda har zuciyarsa cewa 0.06 ba lahani ba ne. Sai dai birki ba rediyo ba ne. A birki, abin da direba ke ji wani ɓangare ne na aikin birkin, domin da wannan jin yake auna inda zai tsaya.

Sannan lokacin ma ya yi wa kamfanin muni ƙwarai. A ƙarshen 2009 an yi kiranyen miliyoyin motoci a Amurka, wato kamfanin ya ce a dawo da su a gyara, kan shimfiɗar ƙasan mota da ke danne totur, a Janairun 2010 aka sake kiran wasu miliyan 2.3 kan fedar totur da ke maƙalewa, har aka dakatar da sayar da wasu ƙirori takwas. Waɗannan matsaloli daban ne da na birkin Prius, bai kamata a cakuɗa su ba, amma a idon jama'a duk abu ɗaya ne, motar da ba ta tsayawa. Shugaban kamfanin Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa shi, wanda bai fi wata takwas da hawa kujerar ba, ya fito ya ba da haƙuri ranar 5 ga Fabrairu, sannan ranar 9 ga wata aka sanar da kiranyen motoci kusan 437,000 a duniya. Kusan 223,000 a Japan, Prius 133,000 a Amurka, sama da 50,000 a Turai, har da Lexus HS 250h da Toyota Sai masu irin wannan birki. Ranar 24 ga watan ya zauna gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka.

Gyaran kansa fa? Ko ƙusa ɗaya ba a kwance ba. Ka kai mota, a jona kwamfuta, a ɗora sabuwar manhaja, ƙasa da awa ɗaya ka kama hanya.

Ba Toyota kaɗai ba ce ta yi tuntuɓe a wannan miƙa hannun, kuma adalci ne a faɗa. A makon farko na Fabrairun 2010 dai Ford ta sanar da sabunta manhajar birki a motocinta masu haɗa fetur da lantarki, Fusion da Mercury Milan, guda 17,600, bayan wani injiniyan mujallar Consumer Reports ya gamu da abin da kansa yana tuƙi. Dalilin nasu ba daidai yake da na Prius ba, amma wurin ɗaya ne, lokacin da birkin lantarki ke sauka na mai ke hawa. Su ma ba kiranye suka kira shi ba, shirin gamsar da abokan ciniki suka ce. Abin lura a nan shi ne yadda maganar injiniyan mujalla guda ɗaya ta yi nauyin da maganar talakan direba ba ta yi, alhali ƙafa iri ɗaya ce ta taka birkin.

Kada kuma a ɗauka duk ƙorafin mai mota lahani ne, don a wannan watan na Fabrairu akwai wani lamari da ya ƙare daban. Masu Corolla ƙirar 2009 da 2010 a Amurka sun riƙa cewa motar ba ta zama a layinta a babbar hanya, tana ɗan yawo hagu da dama, sai ka yi ta gyara sitiyari, wasu suka ce kamar iska ce ke kaɗa ta. Wannan zubin ne aka koma sitiyari mai taimakon lantarki maimakon na mai. NHTSA ta buɗe bincike kan motoci kusan rabin miliyan da ƙorafi sama da 150, ta rufe shi a 2011 ba tare da ta samu lahanin da zai sa a yi kiranye ba. A can an tsaya a kan cewa ji ne, sitiyarin ya yi sauƙi a tsakiya fiye da yadda mutane suka saba, kuma kamfanin ya tanadi wani saitin daban ga wanda abin ya dame shi. Toh ka ga ƙorafi biyu, kamfani ɗaya, wata ɗaya, duka an fara da kalmar ji, ɗaya ya zama kiranye ɗaya bai zama ba. Bambancin a wurina shi ne a Prius an iya nuna wani lokaci takamaimai da motar ta ba da ƙasa da abin da direba ya nema, har aka auna shi da santimita, a Corolla kuwa motar tana bin abin da hannu ya ce, daɗin riƙon ne babu. Amma ba wanda zai san wanne ne wanne sai an bincika, kuma ba za a bincika ba sai an fara yarda cewa mutumin nan wani abu ya ji.

Su ma masu mota akwai nasu. Ƙorafin Prius ya yi tasiri ne saboda da yawansu sun faɗi abin da ya fi "birki ba shi da kyau". Sun faɗi gudun da suke, irin titin, ko akwai ruwa, ko a hankali suka taka, ko fitila ta kama a gaban mota ko ba ta kama ba. Waɗannan ƙananan bayanan su ne suka haɗu suka nuna wa mai bincike inda zai tona. Kuma sun kai wa hukuma, ba su tsaya wurin dila kaɗai ba, don abin da ka faɗa wa dila yana iya ƙarewa a takardar gareji ɗaya, na hukuma kuwa yana haɗuwa da na wani da ke nisan kilomita dubu. Sannan yana da kyau mutum ya san halin ABS na asali, fedar na kakkarwa a ƙarƙashin ƙafa, ana jin gurnani, a kan tsakuwa ko ƙanƙara ma tazarar tsayawa na iya ɗan ƙaruwa, duk wannan lafiya ne, abin yi shi ne ka danna ka riƙe ka ci gaba da sarrafa sitiyari. Wanda ba lafiya ba shi ne feda ta nutse ƙasa, ko ta yi laushi kamar soso, ko mota ta riƙa ja gefe ɗaya, ko ƙarfin birki ya ragu alhali ƙafarka ba ta motsa ba. Na ƙarshen nan shi ne na Prius, kuma shi ya fi wuyar bayani don yana kama da halin ABS na asali, har ya sa aka samu damar cewa ai haka ABS take.

Ƙananan motoci da matsakaita sun fi shiga irin wannan, ba don an raina su ba, sai don yawansu da irin wurin da suke aiki. Su ne ke cikin gari, tsaya tafi tsaya tafi, gudu kaɗan, birki a hankali sau ɗari a rana, kan ramuka da faci da layin dogo. Motar da aka sayar da dubu ɗari biyu a shekara guda, a wata ɗaya masu ita za su bi ta kan yanayin da direbobin gwajin kamfani ba su bi ba a shekara uku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a shekarar farko ta sabon zubi, masu motar ne ke ƙarasa gwajin ko sun sani ko ba su sani ba.

Labarin birkin wannan zubin bai ƙare a 2010 ba. A watan Yunin 2013 Toyota ta sake kiran motoci kusan 242,000, Prius da Lexus HS 250h da aka haɗa tsakanin Maris da Oktoban 2009, wannan karon ba manhaja ba ce. Tulun da ke tara ƙarfin man birki ne, wani ƙarfe a cikinsa yana iya tsagewa saboda jijjiga, iskar naitirojin ta shiga cikin man, feda ta yi zurfi, ƙarfin birki ya ragu. Kenan akwai mutumin da ya kai motarsa a 2010 aka ɗora masa manhaja aka ce an gama, bayan shekara biyu ko uku ya sake jin birki ba daidai ba, ya koma da kusan kalmomin da ya zo da su a karon farko, alhali abin da ke damun motar wani ne daban, kuma wannan karon sai an kwance an sauya ƙarfe.